Kewa Ce Ta Gina Zango

  Ina gaida mutanen Salaga. Ina gaida mutanen Yendi. Ina gaida mutanen Bawku da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Gaisuwa ta musamman kuma ga 'ya'yanmu da ke kama wannan shiri ta waya daga Libiya, da Italiya, da Jamus, da Amurka, da ƙasashen Larabawa. Sannunku da aiki. Sannunku da haƙurin zaman baƙunta.

Sharhinmu na yau a kan kewar gida ne. Ina nufin kewar ƙananan abubuwan nan da mutum ba ya ganin girmansu sai ya yi nisa. Kokon safe. Kiran sallar asuba. Sallamar maƙwabci a bakin zaure. Magana ɗaya nake so ku riƙe mini daga farkon shirin nan har ƙarshensa. Kewa ce ta gina zango. Kakanninmu sun yi kewar gida, suka tashi suka mai da ita gari. Mu ma akwai abin da za mu iya yi da tamu.

Bari mu fara da tambaya ta farko. Wai me matafiyi yake kewa?

Ku dubi safiya a Yendi ko a Bawku. Kafin a sallame sallar asuba, mai koko ta riga ta kafa teburinta a bakin hanya. Ta ɗaga murfi, tururi ya tashi. Ƙamshin citta da kanumfari da masoro ya cika unguwa. A gefe ƙosai yana soyuwa. Yaro ya miƙa kofinsa ya ce, "Mma, a ƙara mini sukari." Ta harare shi, ta ƙara. Dattijo ya fito daga masallaci da tasbaha a hannu, ya tsaya aka gaisa. An tambayi kwana. An tambayi gajiya. An tambayi mai jiki. Wanda ba shi da kuɗi yau ya sha, gobe ya kawo. Babu takarda, babu sa hannu.

To, ku ɗauki yaron nan da ya girma a kan wannan koko. Ku ajiye shi a Hamburg ta ƙasar Jamus, a watan Disamba. Ƙarfe takwas na safe ta yi, gari bai gama wayewa ba. Ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ya tashi a ɗaki shi kaɗai. Ya kurɓi shayi a tsaye. Ya ruga tasha, domin jirgin ƙasa ba ya jiran kowa. Tarago cike da mutane, amma babu mai ce masa ina kwana.

Da dare ya dawo a gajiye. Ransa ya biya tuwon zafi da miyar ayoyo. Ya tuƙa da garin da ya samu a kanti. Ya ci, ciki ya cika, rai bai ƙoshi ba. In ya yi sa'a yana da ɗan guntun dawadawa, ya jefa a miya, sai maƙwabta su yi ƙorafin wari. Abin da a gidansu ake kira ƙamshi ke nan. Ya tuna naman zabon Bawku. Ya tuna wasawasa da tubani. Ya tuna shinkafa da wake mai jan launin karan dafi, an zuba a ganye, ga shito a gefe.

Kunne ma yana kewa. A yawancin biranen Turai ba a ɗaga kiran salla da lasifika a waje. Wayarsa ce ladaninsa. In azumi ya faɗo a watan Yuni, yini ya miƙe, har ya kai awa goma sha takwas a arewacin Turai. Wani a bakin aiki zai sha ruwa, da dabino guda a aljihu. Ranar Sallah kuwa ranar aiki ce. Ya yi idi a gurguje, ya tuɓe babbar riga, ya sa kayan aiki.

Ku tambayi ɗan Yendi yadda zuciyarsa take idan watan Damba ya kama. A gida makaɗa sun taru a ƙofar fadar Gbewaa. Dawakai sun sha ado. Rigunan saƙi suna juyawa a fage. Shi kuma yana kallo a fuskar waya, cikin ɗan hutun da aka ba shi a wurin aiki.

Ranar da ba shi da lafiya fa? A gida, ciwon kai kawai za ka yi ɗaki ya cika. Wannan ta kawo kunu. Wancan ya kawo saiwa. Liman ya leƙo ya yi addu'a. A can sai ka kwana biyu a kwance, ƙofa a rufe, babu wanda ya ƙwanƙwasa.

Wannan ita ce kewar da muke magana. Abubuwa ne ƙanana, amma su ne suke riƙe mutum.

To, jama'a, mu dakata nan. Mu waiwaya baya, mu ga ko wannan ciwo sabo ne.

Tsoho ne. Garuruwan nan namu shaida ne. A ƙarni na 19, Salaga ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Goro yana fitowa daga dazuzzukan Asante. Fatake suna tasowa daga Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Barno. Ayari ya tashi a ƙarƙashin madugu. Jakuna ɗauke da kanwa, da turkuɗi, da jemammun fatu, da gabu. Su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa. Su ratsa ƙasar Bargu. Su bi ta Sansanin Mango, su sauka Yendi, sannan su gangara Salaga. Watanni ake yi a hanya. Wani zai bar matarsa da ciki, ya dawo ya tarar da yaro yana zama.

Waɗannan bayin Allah ma sun yi kewa. Sun yi kewar furar gidansu. Sun yi kewar tuwon dawa da miyar kuka. Sun yi kewar jin harshensu a kasuwa. To, me suka yi? Ba su tsaya tagumi ba. Inda suka yada zango, nan suka kafa masallaci. Malami ya shimfiɗa buzu, yara suka zo da alluna. Mahauci ya kafa tukubarsa. Wanzami ya buɗe zabirarsa. Mata suka ɗora tukwane, ana sayar da tuwo da fura. Aka sami maigida mai saukar baƙi. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya, ya nemo maka mai saye, ya tsaya maka in rigima ta taso. Aka naɗa sarkin zango, domin baƙo ya san inda zai kai kuka. Salaga ta cika ta batse, har aka haƙa rijiyoyi barkatai don mutane da dabbobi. Wanda ya je garin yau zai ga bakunansu.

Haka abin ya kasance a Yendi, inda sarakunan Dagomba suka karɓi malamai da fatake tun zamanin Na Zanjina, shekaru wajen 300 da suka wuce. Haka ya kasance a Bawku, mahaɗar hanyoyin da ke zuwa ƙasar Mosi da Togo, inda kasuwa ke ci duk bayan kwana uku.

Ku duba abin da ya biyo baya. Kokon da ake sha yau a Accra da Kumasi da Takoradi, da sunan Hausawa ake kiransa. Tsiren da ake gasawa a bakin titunan ƙasar nan daga tukubar zango ya fito. Abin da baƙo ya dafa don ya rage zafin kewa, shi ne ya zama abincin ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa na ce muku kewa ce ta gina zango.

Sai dai akwai gaskiya mai ɗaci da ba za mu tsallake ba. A kasuwar Salaga ba goro kaɗai aka sayar ba. An sayar da mutane. An raba uwa da ɗa. An fizge mutum daga garinsu, bai sake ganin ƙofar gidansu ba. Bafatake yana da ranar komawa. Bawa ba shi da ita. Har yau jikokin waɗanda aka ƙetarar da su teku suna zuwa daga Amurka, su tsaya a filin kasuwar nan, wasu su zubar da hawaye. Duk mai maganar kewar gida a Salaga, wajibi ne ya tuna da su.

Yanzu bari in kawo muku mutum ɗaya da ya san wannan ciwo ciki da waje. Alhaji Umaru, wanda wasu ke kira na Salaga, wasu na Karaci. An haife shi a Kano wajen 1858. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar goro, ya zauna a Salaga yana karantarwa. A lokacin garin ya riga ya fara ja baya, domin tun da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta karkata. A 1892 yaƙin sarautar Kpembe ya tarwatsa Salaga. Mutane suka watse. Wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi, wasu har bakin teku. Alhaji Umaru ya koma Kete-Krachi, wato Karaci. Can ya zama liman. Can ya rasu a 1934.

A zamansa na Kete-Krachi, wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich ya nemi ya rubuta masa bayanin ƙasar Hausa. Malam ya zauna ya rubuta da ajami. Ya bayyana noma. Ya bayyana sana'o'i. Ya bayyana kasuwanci, da abinci, da al'adun aure da haihuwa. Mutumin da ya yi shekaru rabonsa da zama a Kano, amma komai yana nan a ransa daki-daki. Yau masana tarihi suna dogara da rubutun nan don sanin yadda Hausawa suka rayu a wancan ƙarni. Ya bar gida sau biyu, Kano sannan Salaga. Duk da haka ya kafa makaranta, ya yaye ɗalibai, ya bar ilimi.

Ga kuma wani juyi da ya kamata mu lura da shi. Kewa ba ta da alƙibla ɗaya. A watan Nuwamba na 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Ghana. Aka cika manyan motoci. Cikin waɗanda suka tafi akwai 'ya'yan zango da aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Nijeriya ko Nijar ba. Suka isa garuruwan kakanninsu, aka karɓe su. Amma me ya faru? Sai ga su suna kewar Ghana. Suna kewar doya, da shito, da irin Hausar da suka tashi da ita. Kaka ya zauna a Gwanja yana kewar Kano. Jika ya zauna a Kano yana kewar Gwanja. Ashe gida shi ne inda aka san sunanka, aka san sunan mahaifiyarka, aka san yadda kake son kokonka.

To, yanzu mu zo ga addini, domin akwai masu ganin kewar gida raunin imani ne. A'a. Nana A'isha ta ba da labari, kuma yana cikin Bukhari. Da sahabbai suka yi hijira zuwa Madina, zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Sayyidina Bilal. Idan zazzaɓin ya saki Bilal, sai ya ɗaga murya yana ambaton Makka. Ciyayinta yake tunawa, da ruwan da ya saba sha, da duwatsun da ya saba gani. Ku lura, jama'a. A Makka aka azabtar da shi, amma ga shi yana kewar ciyawarta. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi, Allah ya sa musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Ya gina masallaci. Ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin masu hijira da mutanen gari. Ya kafa kasuwa. Wurin ibada, da ɗan'uwa, da hanyar neman abinci. Maganin kewa ke nan tun fil azal, kuma darasi ne ga kowa, Musulmi da Kirista.

Na san wani yana sauraro yana cewa, ai su suka zaɓi tafiya. Ai suna cikin daula. Ai ga hotunansu nan a Facebook, cikin manyan riguna, kusa da manyan motoci. Ɗan'uwa, ka ji amsa. Hoto ba ya nuna sanyi. Hoto ba ya nuna ɗakin da mutum shida suke kwana. Akwai 'ya'yanmu da ke tsinkar tumatir a gonakin kudancin Italiya daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Akwai masu wanke-wanke a bayan gidajen abinci. Akwai masu gadi cikin dare. Akwai waɗanda suka ratsa hamada ta Agadas, suka ga abin da ba sa iya faɗa. Akwai 'yan matanmu masu aikin gida a ƙasashen Larabawa, wasu an karɓe musu fasfo, wasu an hana su waya. Ƙorafi ya yi yawa har gwamnatin Ghana ta dakatar da irin wannan ɗaukar aiki a 2017. Akwai wanda ya ji rasuwar mahaifiyarsa ta waya, ba shi da takardar da za ta bar shi ya zo ya koma. Ya kalli jana'iza a bidiyo, ya share hawaye, ya tafi aiki.

Kuma ku tuna, gumin waɗannan yara ne ya yi rufin kwano a gidaje da yawa. Shi ya biya kuɗin makaranta. Shi ya sayi magani. Shi ya kai tsofaffi Makka. Wanda ya yi mana wannan, ya cancanci a tausaya masa idan ya ce yana kewar tuwo.

To, mene ne abin yi? Magana uku gare ni. Ta farko ga 'yan waje. Ta biyu ga 'yan gida. Ta uku ga mu duka.

Ku 'yan waje, ku yi abin da kakanninku suka yi. Ku gina zango inda kuke. Kada ka kulle kanka a ɗaki da damuwa. Nemi ɗan'uwanka. Ku haɗa kuɗi ranar hutu, a ɗora tukunya ɗaya, a ci tare da hannu. A unguwar Bronx ta New York, 'yan Ghana Musulmi sun haɗa kai a ƙungiyar Yankasa, sun tsayar da masallaci. Ana suna, ana ɗaurin aure, ana rakiyar gawa. Sabon zuwa yana da inda zai yi sallama. Abin da maigidan Salaga yake yi wa bafatake ke nan. Kai da ka daɗe a gari, kai ne maigida yanzu. Ka tari baƙo. Ka nuna masa inda ake samun takarda, da inda ake sayen gero, da inda ake salla. Idan ka ga ɗan'uwa ya daina fitowa, ya daina ɗaukar waya, ka taka ka je. Idan damuwa ta hana shi barci da cin abinci, ka raka shi asibiti. Ciwo ne da yake da magani, kuma babu abin kunya a ciki.

A zangon da za ku gina, kada ku tambayi mutum ko shi Bakusashe ne, ko Bamamprushe, ko Badagombe, ko Bagwanje, ko Bahaushe. Sanyin Turai bai san ƙabila ba. Ku bar rigimar gida a gida. Kada kuɗin da kuka sha wahala kuka samu ya zama makamashin wutar da za ta ci garinku.

Ku koya wa 'ya'yanku harshe. Yaro ya iya gaida kakarsa a waya da bakin da take ji. Ya san durƙusawa. Ya san ɗanɗanon kuka. Amma ku ma ku koyi harshen masu gari. Fatake sun koyi Gwanjanci da Dagombanci. Sun yi auratayya. Sun girmama sarakunan da suka tarar. Shi ya sa zango ya daɗe. Baƙon da ya raina masu gida bai shirya zama ba.

Magana ta biyu, gare ku 'yan gida. Iyayena mata, iyayena maza, ƙannena. Idan waya ta shiga, ku fara da tambayar lafiya. Ka ce, "Yaya, ka ci abinci? Yaya sanyi? Kana samun barci?" Ka ba shi labarin gari. Wa ya haihu, wa ya yi aure, yaya albasa ta yi bana, ko ruwa ya sauka. Kada ya zama duk lokacin da ya ga lambarka gabansa ya faɗi, don ya san roƙo ne. Akwai yaran da suka daina ɗaukar waya. Ba su daina son gida ba. Kunyar cewa babu ce ta hana su. Wani lokacin ka kira shi haka kawai. Ka ɗauko masa muryar kiran sallar masallacin unguwarku, ka aika masa ta WhatsApp. Ba za ta ci maka komai ba, shi kuwa za ta raka shi mako guda.

Fataken da suka san goro sun san ba a barinsa ya bushe. A huhu ake sa shi, a lulluɓe da ganyen fita, ana buɗewa ana yayyafa ruwa, ana cire wanda ya lalace, har a isa Kano. Zumunci ma haka yake. Sai ana yayyafi.

Ku ci gaba da aika ɗan ƙullin nan. Kun san yadda ake yi idan an ji wani zai koma. Daren tafiya, tsohuwa ta shimfiɗa tabarma. Ga dawadawa, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga yaji, ga man kaɗe. Ta ƙulla a leda, ta sake ƙullawa, ta ƙara ta uku don kada ƙamshi ya fita. Ta kira jikanta ya rubuta suna a jiki. Ta riƙe hannun matafiyi ta ce, "Ɗana, ka ce masa ni na daka da hannuna." Wannan ƙulli ya fi ƙarfin kuɗi. Sai dai a kiyaye doka. Nama, da kilishi, da wagashi, da nono ba sa shiga ƙasashen Tarayyar Turai a jakar matafiyi. Ma'aikatan kwastan za su ƙwace, wataƙila har da tara. Kai kuma matafiyi, kada ka karɓi ƙullin da ba ka ga cikinsa da idonka ba, ko na wane ne.

Sannan a riƙe amana. Mutum ya hana kansa ci, ya hana kansa sutura, yana turo kuɗin gini shekara da shekaru. Ana aika masa hoton gidan wani. Ya dawo ya tarar da fili da ciyawa. Wanda aka yi wa haka ya rasa kuɗi, ya rasa ɗan'uwa, ya rasa gidan da yake kewa. Ku ji tsoron Allah. Kuɗin ɗan ci-rani gumi ne da hawaye.

Magana ta uku, ta mu duka ce. Mu gyara gidan da ake kewa. A nan zuciyata tana Bawku. Shekaru ke nan rikicin sarauta yana cin rayuka. An sha sanya dokar hana fita. An sha hana hawa babur. 'Yan kasuwa sun kwashe kaya sun koma Bolgatanga da Tamale da Kumasi. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya sun nemi canjin wuri. Akwai ɗan Bawku da yake cikin Ghana, amma zaman baƙunta yake yi. Akwai ma wanda yake cikin garin, amma yana kewar Bawkun da ya sani, wadda ake hira a ƙofar gida har dare ya raba, wadda kowa ke shiga kowace unguwa ya sayi abin da yake so. Ɗanmu na waje yana tara kuɗin jirgi, ana ce masa kada ka zo tukuna. Wannan ya fi kowace kewa ciwo.

Amma kada mu yanke ƙauna. Yendi ta ga irin wannan duhu. Tun daga 2002 garin ya shiga rikicin sarauta tsakanin ɓangarori biyu, bayan rasa sarkin Dagomba, Ya Na Yakubu Andani na Biyu. Shekara goma sha bakwai ana jira. Manyan sarakuna uku, Asantehene da Nayiri da Yagbonwura, suka yi ta zama da ɓangarorin biyu. A watan Janairu na 2019 aka naɗa Ya Na Abukari Mahama na Biyu. Damba ta dawo da armashinta. 'Ya'yan Dagomba suna tasowa daga ƙasashe su zo su yi biki a gida. Abin da ya yiwu a Yendi zai yiwu a Bawku, in an yi haƙuri, in an riƙe harshe, in an bar gaskiya ta yi aiki.

Jama'a masu sauraro, lokaci yana neman ƙure mana. Bari in tattara. Matafiyi yana kewar abubuwa ƙanana, kuma yana da haƙƙin ya yi kewarsu. Kakanninmu sun yi, sahabbai ma sun yi. Abin tambaya shi ne me za a yi da ita. Kewa ce ta gina zango a Salaga. Kewa ce ta gina zango a Yendi da Bawku. Ita ce kuma za ta gina shi a duk inda ƙafar 'ya'yanmu ta taka, in sun haɗa kai.

Kai da ke waje, kafin makon nan ya ƙare ka nemi ɗan'uwa ɗaya, ku ci tuwo tare. Ke da ke gida, yau da dare ki kira ɗanki ko ƙaninki, ki tambayi lafiyarsa, ki sa masa albarka, kada ki roƙi komai. Mu duka kuma mu roƙa wa Bawku zaman lafiya, mu kama bakinmu daga abin da zai ƙara wuta.

Allah ya tsare matafiyanmu. Allah ya ba su abin da suka je nema ta hanyar halal. Allah ya dawo mana da su lafiya, su tarar da mu lafiya.